Abin da alfalfa ta koya mini a lambun ciyawa

Shekara 3 ke nan ina kula da lambun ciyawar wani mai kiwon shanun madara a gefen Daura. Ranar da ya kawo irin alfalfa, wadda mutanen Sudan ke ce wa barsim, sai na ɗauka harawar wake ce ta sake suna. Dangi ne kam, don ita ma saiwarta na tara sinadarin naitirojin a ƙasa. Amma wake shekara guda yake yi, ita kuwa in ta kafu sai a yi ta yanka tana tohowa.

Da farko ita kaɗai muka shuka, da hunturu, muna ban ruwa. Ta yi kyau, don tana son sanyin nan, kuma ba ta son ruwa ya kwanta mata a gindi. Matsalar ta fito a wurin shanya. Karan alfalfar na daɗewa bai bushe ba, kafin ya bushe ganyen ya riga ya yi ƙaurau, ana ɗagawa yana kakkaɓewa. Ni kuwa abin nan ya dame ni ƙwarai, domin yawancin furotin ɗin a ganyen yake. Busasshiyar alfalfa mai kyau takan kai kashi 18 zuwa 20 cikin 100, amma in ganye ya zube, tsinke kawai ka kai wa saniya.

Wani dattijo makiyayi da ke aiki tare da mu ya ce mini, "Yaro, harawa ba a ɗaure ta da rana tsaka." Tun daga nan sai da sanyin asuba muke ɗauri, lokacin da ganyen ya yi laushi. Shi ne kuma ya hana a saki shanu cikinta ɗanya da yunwa, saboda kumburin ciki, wanda kan kashe saniya cikin sa'o'i.

Sai muka fara haɗa ta da ciyawa. Gamba muka gwada, tunda tamu ce. Damina na sauka ta wuce tsayin mutum, ta yi wa alfalfa inuwa har layukanta suka mutu. Muka koma ciyawar Rodis, layi-layi a tsakani. Ita ba ta kai gamba tsayi ba, tana sa shanya ta sha iska ta bushe da wuri, tana toshe gurbin da haki zai fito, damin ma ya fi yawa. Furotin yakan ɗan ragu, amma a ganina ragin ya biya, don kumburi ma ya yi sauƙi.

Lokacin yanka kuwa alfalfa nake bi, ba Rodis ba. Da na ga fure ya fara fitowa, kamar ɗaya cikin goma, sai a sa lauje, a bar gindi kamar yatsu huɗu. Taki ma na rage buhun yuriya, don in ya yi yawa ciyawar ce ke ƙoshi ta danne abokiyar zamanta.