Idan bilidar birki ta ƙi kwancewa

Duk wanda ke gyaran mota a Jidda ya san aikin da ake ɗauka na minti goma ne, ya ƙare da cinye yini guda. An canja tiyon birki ko an zuba sabon mai, saura a fitar da iska, sai ƙaramin sukur ɗin nan mai rami da ke saman kalifa (ƙarfen da ke matse faifan birki), wato bilida, ya ce ba inda za shi.

Dalilin kafewarsa ba ɓoyayye ba ne. Bilida ƙarfe ce, kalifa kuwa ko baƙin ƙarfe ko alminiyon. Zafin Saudiyya yana busar da hular robar da ke kanta har ta tsage ta faɗi, ruwan wankin mota ya shiga ramin, ga laimar Bahar Maliya mai gishiri. Man birki na DOT 3 da DOT 4 shi ma yana tsotsar danshi daga iska. Idan kalifar ta alminiyon ce abin ya fi muni, domin haɗuwar ƙarfe biyu daban da ruwan gishiri tana haifar da farar tsatsa mai kumburi wadda ke matse zaren. Motar Riyad ba ta cika shan wannan wahalar kamar ta Jidda ko Yanbu ba.

Abin da ya kamata a riƙe kafin a taɓa sifana shi ne bilida rami ne da ita a tsakiya, jikinta siriri. Ɗaurinta bai wuce Nm 8 zuwa 14 (ma'aunin ƙarfin ɗauri) a yawancin motoci ba, kuma ba zarenta ke tare mai ba, tsinin ƙasanta ne ke zama a kan mazauni cikin kalifa. Saboda haka ƙarfin dantse ba ya kwance ta, karya ta yake yi.

A goge kewayenta da buroshin waya har ƙarfen ya fito, a fesa man sassauta tsatsa a gindin zaren, a bar shi ya jiƙa, kwana ɗaya idan mai motar ba ya sauri. A kula kada man ya gangara kan roba ko kan faifan birki, domin duk abin da aka yi da fetur yana kumbura robobin birki. Sannan a sa guntun ƙarfe a kan bilidar a riƙa bugawa da ƙaramar guduma, bugu gajeru masu yawa, a tsaye daidai da tsawonta. Girgizar ce ke fasa tsatsar da ke tsakanin zaren.

Sifana mai buɗaɗɗen baki ba ta da aiki a nan, haka ma mai haƙora goma sha biyu, su ne ke mulmule kan. A nemi soket mai kusurwa shida wanda ya zauna ɗas, yawanci lamba 8 ko 10, wasu motocin Turai 7 ko 11. Wata dabara mai amfani ita ce a zura gindin bakin injin huda wanda ya cika ramin bilidar, don kada ta lotse yayin murɗawa. A fara da ɗan ƙara ɗauri kaɗan, sannan a sassauta, gaba da baya, da gajeren hannu. Idan aka ji ta yi laushi tana juyawa kamar ana murɗa danƙo, a tsaya nan take, ƙarfen ne ke murɗewa, zaren bai motsa ba.

Idan ta ƙi, sai zafi. Jikin kalifa ake ɗumamawa a kewayen bilidar, ba ita kanta ba, don ramin ya buɗe. Alminiyon yana buɗewa kusan ninki biyu na ƙarfe, amma ba ya yin ja kafin ya narke, don haka babu gargaɗi. Man birki yana kama wuta, robar fistin kuma tana kusa. Shi ya sa na fi son a cire kalifar daga mota, a zubar da man, a kama ta a matsi, a yi amfani da injin hura iska mai zafi maimakon wutar gas. A ɗumama, a bari ta huce, a ƙara man tsatsa, a sake gwadawa. Wanda ya sa wuta sosai ya sa a ransa zai canja robobin.

To, ta karye. Matuƙar ba ta motsa ba kafin ta karye, tsinin yana nan a mazauninsa, mai ba zai zuba ba, sai dai babu hanyar fitar da iska. Idan akwai saura a waje, ko da daidai da jikin kalifa ne, mai walda ya ɗora noti a kai ya cike tsakiyarsa. Zafin waldar yana sakin tsatsa, notin kuma ya ba sifana wurin kamu. Wannan ta fi kowace hanya nasara. Abin zaro karyayyen sukur mai zaren hagu kuwa ban cika ba da shawararsa ba: yana buɗa bilidar ya ƙara matse ta, kuma idan ya karye a ciki, ƙarfensa ya fi bakin injin huda tauri. Hudawa tana yiwuwa, amma da bakin ya taɓa mazaunin tsinin, sabuwar bilida ba za ta taɓa riƙe mai ba komai ɗaurinta.

A nan ne ya kamata a yi lissafi. Silindar tayar baya ta mota mai birkin ganga ba ta da tsada, a canja ta kawai. Kalifar Hilux ko Camry kuwa ana samu a tashlih, wato kasuwar kayan tsofaffin motoci, amma a kwance bilidarta a gaban mai sayarwa kafin a biya. Wasu suna fitar da iska ta bakin tiyo su sallami mota. Hakan zai iya kai ta gareji, amma iska tana taruwa a can sama inda bilida take, kuma motar da za ta gangaro hanyar dutsen Hada daga Ɗa'ifa zuwa Makka ba a bar ta da feda mai laushi.

Wajen ɗaurawa a sa sabuwar bilida mai zare iri ɗaya, domin M7, M8 da M10 duk suna kasuwa kuma tsayinsu ya bambanta. Idan an cire tiyo a sa sababbin washa na jan ƙarfe guda biyu. A fitar da iska daga tayar da ta fi nisa da masta, wato babbar silindar birki, sai dai idan littafin motar ya ce ba haka ba, a ɗaure daidai ƙima, a wanke man da ya zuba da ruwa don yana cin fenti, a mayar da hular roba. A canja man birki duk shekara 2, lokacin ne kowace bilida ke samun motsi.