Abin da na gani daga kantar kemis zuwa cikin kwatar layinmu

Duk mai kemis a Sakkwato ko bai duba kalanda ba ya san watan da ake ciki, kayan da ke ƙarewa a kanta su ke faɗa mishi. Ni dai haka nake gani a ɗan shagona da ke wajen Mabera. In hunturu ya shigo ƙura ta rufe gari to maganin tari ne da na mura da inhela ta masu asma, daga Maris zuwa Mayu da zafi ke haura digiri 40 sai ciwon kai da ƙuraje da fargabar sanƙarau, da ruwan farko ya sauka kuma sai ORS na masu gudawa da maganin zazzaɓi har bayan girbi. Kullum gidaje ɗaya ne, akwai ma gidan da in na hango yaronsu tafe na san abin da aka aiko shi.

Shi ya sa na tara samarin layinmu muka je wajen mai unguwa, na ce ranka ya daɗe so muke mu yi gayyar yashe kwata kafin damina. Ya sa mana albarka, liman ya yi sanarwa a masallaci, aka yi karo-karo aka yi hayar baro da shebur da manjagara. Wani abokina har tsokanata yake wai kai da ke cin abinci da ciwon mutane mi ya kai ka, na ce mishi ai rabinsu bashi suke ɗauka, in sun samu lafiya ni ma na huta.

Abin da ya fito daga kwatar nan ba a magana, ledar fiya wata ce ta fi yawa, sai robobin lemo da famfas ɗin yara da yashi. Duk wanda zai yi irin wanga aiki ya fara shirya motar da za ta kwashe dattin tukuna, don in aka jibge shi bakin kwata ruwan farko zai mai da shi inda ya fito, kun yi aikin baban giwa kenan.

Akwai wani dattijo a layinmu tsohon duba-gari ne, shi ya buɗe mana ido. Ya ɗebo ruwan kwata a gwangwani, ya ɗebo na wani rami da masu bulo suka bari ruwan sama ya kwanta ciki fes, ya ce ku duba 'ya'yan sauron nan. Na kwata suna rataye kai ƙasa, na ramin kuwa kwance suke a saman ruwa. Ya ce wanga na kwata shi ke hana ku barci da kuka a kunne amma ba shi ke kawo maleriya ba, mai kawo ta ya fi son ruwa mai ɗan tsabta da rana ke bugu, irin kududdufi da sawun tayar tifa da gonakin shinkafa na fadama, kuma da zafin garinmu mako ɗaya zuwa kwana goma ya isa ƙwai ya zama sauro mai tashi. Na ce Baba to kenan wahalar banza muka sha? Ya ce a'a ɗana, kwata in ta toshe ita ke tura ruwa cikin gidaje da bakin rijiya, amma in zazzaɓi kuke yaƙi ku cike ramuka. Daga nan duk bayan ruwan sama sai samari su zaga da baron ƙasa.

Gidan sauro kuwa kusan kowa na da shi, shigarsa ce matsala. Zafi ke koro mutane tsakar gida su kwana a tabarma, gidan sauron na can ɗaki ko an kewaye kaji da shi, alhali sauron maleriya cikin dare yake cizo. Mun riƙa kafa ƙusa da igiya a tsakar gida don a ɗaura shi waje. Sai maganin rigakafin zazzaɓi da ake bi gida-gida ana ba yara 'yan wata 3 zuwa 59 kowane wata cikin damina, na ranar farko a gaban ma'aikata ake sha, sauran kwana biyun uwa ce za ta bayar, nan ne ake sakaci, sai ka iske ƙwayar a saman taga.

Amma inda na fi ganin canji shi ne ruwan sha. Kowa ya tuna kwalarar 2021, a faɗin Najeriya mutum sama da 100,000 aka yi zargin sun kamu, sama da 3,000 suka rasu, kuma Sakkwato na cikin jihohin da ta taɓa sosai. Mu nan ruwan 'yan ga-ruwa muke saye da na rijiya, ko ruwan ya zo da tsabta to randa ce ke ɓata shi, moɗa ɗaya yaro ya fito daga masai ya tsoma hannu har wuya, babba ma ya zo ya sha da ita ya mayar. Kuma da yawa sun ɗauka in an jefa alim ruwa ya yi garau shikenan, alim laka kawai yake kwantarwa ba ya kashe ƙwayar cuta, sai dai tafasawa ko kilorin a bar shi minti 30 kafin a sha. Wanga ɓangare mu maza ba mu da ta cewa tunda ba a shiga, matata ce da malamar islamiyyar matan aure suka ɗauke shi, suka sa aka rufe randuna aka yi wa moɗa doguwar mariƙa, aka aje sabulu ko toka kusa da buta. Su suka koya wa mata haɗa ruwan gishiri da suga in babu ORS a kusa, lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na suga a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri, a fara ba yaro tun a gida sannan a nufi asibiti, ba a jira sai idonsa ya faɗa ba.

Sanƙarau ba ruwansa da kwata, nasa zafi ne da ƙura da cunkoso a ɗaki mai rufaffiyar taga. Wanda ya ga na 2017 da ya ratsa Zamfara da Sakkwato da Katsina ba sai an roƙe shi ya kai yaro allura ba, kuma a 2024 Najeriya ce ƙasar farko da ta fara amfani da sabuwar allurar da ke kare nau'i biyar nasa.

Wanda ya gagare ni har yau shi ne ciwon manya, wato hawan jini. Na aje na'urar awon jini a shago ina auna wa mutane kyauta bayan isha'i, wallahi mutum zai zo garau yana raha ka auna ka ga 170, ka ce Alhaji gobe ka je ka ga likita ya ce ai ba ya jin komai. Hukumar Lafiya ta Duniya cewa ta yi kada gishirin mutum ya kai giram 5 a yini, kusan ƙaramin cokali ɗaya, mu kuwa miya ɗaya dunƙule nawa ake marmasawa ga gishiri ga yaji mai magi a gefe, a kora da lemo mai sanyi, da dare a zauna teburin mai shayi a ce a ƙara suga, kuma ko masallacin Juma'a sai a kan mashin. Mutumin da ya shiga kwata har gwiwa ranar gayya in ka ce ya rage dunƙule sai ya ce ka je ka faɗa wa Hajiya da kanka. Na faɗa wa matata ta kai maganar islamiyya, ta ce sun ji amma sun ce in miya ta yi lami mu za mu fara ƙorafi.