Asabar a Yamai: mai tsiyayar madara

Yau zafi ya hana fita. Bayan la'asar na zauna a rumfa ina kallon wani zane a waya, aikin Johannes Vermeer, mutumin garin Delft na ƙasar Holan, wanda ya zana shi wajajen 1660. Yanzu yana gidan tarihi na Rijksmuseum a Amsterdam, kuma tsawonsa bai kai rabin mita ba. 'Yar aiki ce tsaye a ɗakin girki tana tsiyaya madara cikin tukunyar ƙasa, ga gutsattsarin burodi bisa tebur, haske na shigowa ta tagar hagu.

Masana zane suna cewa akwai soyayya a ɓoye. A ƙasa, bayanta, akwai ɗan akwatin garwashi na ɗumama ƙafa, kusa da shi kuma hoton yaron nan mai kwari da baka da Turawa ke alamta so da shi. Ban musa ba, a zamaninsu haka ake karanta waɗannan abubuwa. Amma da na miƙa wa Gwaggo wayar, ta daɗe tana dubawa, sannan ta ce: "Ɗiyata, dubi yadda take zubawa siriri-siriri. Ta san madarar nan ba tata ba ce."

Maganarta ta fi zauna mini. Kan yarinyar a sunkuye yake, ta naɗe hannun riga, tafukanta sun yi ja saboda aiki. Bangon bayanta wayam, sai ƙusa da inuwarta. A 2022 binciken gidan tarihin ya nuna cewa da farko Vermeer ya zana maratayar tuluna a wurin, daga baya ya shafe ta. Ina ganin so ya yi kada ido ya sami wurin zuwa in ba wajenta ba. Shuɗin ƙyallen da ta ɗaura kuwa daga wani dutse ne mai tsadar gaske da ake haƙowa a Afganistan, shi ya kashe a kan tufar 'yar aiki. Wannan ya taɓa ni ƙwarai.

Da dare na yi ta tunanin 'yan matan da ke zuwa Yamai daga ƙauyuka bayan girbi, su yi wanke-wanke da daka a gidajenmu. Gobe in Allah ya kai mu zan leƙa wajen masu sana'ar hannu a gidan tarihi na Boubou Hama, in tambaya ko wani ya taɓa zana 'yan matan nan.