Shinkafar Kura a Buhunta

Injin casar shinkafa gare ni a Kura, ni da 'yan yarana na aiki. Shanshera muke saya a hannun manoman Kadawa da Garun Malam, waɗanda ruwan madatsar Tiga ya ba su damar yin noman rani bayan na damina. Mata ne ke yi mana gumi: a jiƙa shansherar, a turara, a baza a rana. A nan shinkafa ke gyaruwa ko ta lalace. In ba ta gama bushewa ba aka kai ta inji, sai ta yi wari a buhu. In rana ta dake ta fiye da ƙima, rabinta tsaki za ta fito.

Da gwamnati ta rufe iyakoki a watan Agustan 2019, ciniki ya buɗe mana sosai, fitina kuma ta biyo shi. Dillalai suka riƙa zuwa da buhunan shinkafar waje, wai a ɗura tamu a ciki. Wani ya ce mini, "Alhaji, kai dai cika ka ɗinke, riba ce ke kiranka." Na ce, "Malam, ka yi haƙuri, ban iya algus ba." Abin da ke ci mini rai shi ne, in shinkafar ta yi daɗi Tailan za a yaba, manomin Kadawa kuwa a ci gaba da cewa tasa duk tsakuwa ce.

Zancen tsakuwar ma gaskiya ne, domin a ƙasa ake bugu, a bakin kwalta ake shanya. Sai na sayar da filina na sayi injin cire tsakuwa da tamfol na shanya, na sa aka buga mini buhu da sunana. Yayana bai so ba. Ya ce, "Ƙanena, ƙasa ba ta ruɓewa, inji kuwa ƙarfe ne." Na ce, "Yaya, addu'arka nake nema."

An daɗe kaya na zaune a shago, masu buhun waje suna lodi a gabana. Masu dafa abinci da makarantun kwana ne suka fara ganewa, don sun huta da tsinta. Da 2023 ta zo da ƙarancin takardun kuɗi, aka kuma cire tallafin mai a watan Mayu, kuɗin mota ya ninka, wasu suka rufe injinansu. Ni na rage casa, amma ban rage awo ba, ban kuma riƙe kuɗin matan gumi ba. Masu dafa abincin nan da makarantun su suka riƙe ni, wasu har biya suke kafin a casa.

Bana busarwa ce a gabana. Ina tara kuɗin injinta, don damina ta daina tsayar mana da aiki.