Kafin ka ajiye albashi ka koma aikin kwantiragi

A watan Satumban 2024 shugaban kamfanin Amazon na Amurka, Andy Jassy, ya sanar cewa daga Janairun 2025 ma'aikata za su riƙa zuwa ofis kwana biyar a mako. Bankin JPMorgan ya bi sahu a watan Maris na 2025. Wasu da suka saba aiki daga gida sai suka zaɓi ajiye aikin su koma kwantiragi, tunda mai kwantiragi ba a tilasta masa zaman ofis. Dabarar ba laifi, sai dai lissafin ne ke kayar da mutane.

A Amurka ma'aikaci na biyan kashi 7.65 na albashinsa don asusun tsufa da lafiya, kamfani ya biya daidai haka. Mai kwantiragi shi kaɗai ke ɗaukar kashi 15.3, kuma sau huɗu a shekara zai kai harajin da kansa. Babu inshorar lafiya, babu hutu mai albashi.

Wanda ke Kano ko Kaduna yana yi wa kamfanin Amurka aiki, galibi a kan kwantiragi ake ɗaukarsa, don kamfanin ba shi da reshe a Najeriya. Za a turo maka takardar W-8BEN, wadda ke shaida kai ba mai biyan harajin Amurka ba ne. Cike ta kafin biyan farko, in ba haka ba ana iya riƙe wani kaso na kuɗinka. Ka kuma tuna kashi 10 na fansho da dokar 2014 ta ɗora wa mai ɗaukar aiki a Najeriya, nan babu shi. Kwamfuta, data, batir da sola, duk daga aljihunka.

Saboda haka in za ka yanke farashin aikinka na wata, raba abin da kake bukata a shekara gida goma, ba goma sha biyu ba. Hutun sallah, jinya da zaman jiran sabon aiki za su cinye wata biyun nan.

A cikin yarjejeniyar, nemi a rubuta ranar biya, da kuɗin wace ƙasa za a biya, wa zai ɗauki cajin turawa, da gyara sau nawa za ka yi kyauta. Wannan na ƙarshen shi aka fi mantawa, sai aikin mako biyu ya koma na wata guda a kan kuɗi ɗaya. In kuma kamfani ya ƙayyade maka lokacin shiga da tashi, ya hana ka yi wa wasu aiki, to ma'aikaci yake so ba tare da haƙƙoƙin ma'aikaci ba. Ko a cire sharaɗin, ko ka ƙara farashi.