Katakon jita a garin da hunturu ke mulki

Mai sayen jita bayanta yake fara dubawa, ya ga ko jan katakon yana sheƙi. Mu masu haɗawa ciki muke leƙawa. A shagona da ke Yamai aikinmu gyara ne galibi, sai jefi-jefi mu haɗa sabuwa idan an ba da aiki, kuma yawancin jitocin da ake kawo mana ciwonsu ɗaya: fuska ta tsage, ko ta kumbura bayan jaki, wato ɗan katakon da ke riƙe tsirkiyoyi a kan fuskar.

Fuskar jita ba ta wuce kaurin milimita 3 ba, amma tsirkiyoyin ƙarfe shida suna janta da nauyin da ya kai kilo 70. Abin da ke riƙe ta shi ne haƙarƙarin da aka manna daga ciki. A jita mai tsirkiyar ƙarfe sanduna biyu ne suka gitta juna ƙasa da ramin sauti, tsarin da gidan haɗa jita na Martin da ke Amurka ya yaɗa tun ƙarni na 19. Mai tsirkiyar roba kuwa siraran sanduna ake jera mata kamar mafici, irin na Antonio de Torres na Sifaniya. Shi ne a 1862 ya haɗa jita da baya da gefe na kwali, don ya nuna cewa murya daga fuska take fitowa.

Itacen da ya dace da haƙarƙari mara nauyi ne amma mai tauri, dangin itatuwan ƙasashen sanyi na Turai da Kanada. Ba ya fitowa a ƙasarmu. Sai in shiga kasuwar Katako in bi akwatunan da aka ɗauro kaya a ciki daga Turai, ina juya allo ɗaya-ɗaya. Abin da nake nema layukan jikinsa su miƙe sambal, su matsu, ba ido ko ɗaya. In riƙe shi da yatsu biyu in ƙwanƙwasa. In ya amsa da ƙara mai ja, na saya, in ya yi bif, na bar wa masu benci. Ƴan kasuwa har tsiya suke mini: «Maigida, katako za ka saya ko mata?»

A shago ba na sa masa zarto da fari. Da wuƙa da guduma nake fasa shi, ya bi hanyar da ya ga dama. Zarto yana yanke jijiyar itace a karkace, sandar ta yi kyau a ido, ranar da tsirkiya ta ja ta kuma ta ɓalle. Yaran shago sun ƙi jinin wannan aiki don rabin allon a shara yake ƙarewa.

Baya da gefe da wuya ba su ba ni wahala. Maɗaci ɗan'uwan mahogani ne, in ya bushe sosai ya wadatar. Madobiya tana kyau a jaki da allon yatsu, sai dai tun 2017 ta shiga jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES, ta ƙasashen duniya kan kare tsirrai da dabbobi, ta taƙaita cinikinsu, don haka guntayen tsofaffin kujeru nake tsinta.

Inda muka bambanta da Turawa shi ne lokaci. Masana'antunsu suna haɗa jita a ɗakin da laimar iska ke wajen kashi 45 cikin ɗari. Nan kuwa a Fabrairu da Maris takan faɗi ƙasa da 20. Katako ya tsuke ta faɗi, haƙarƙari ya ƙi binsa, sai tsaga. Shi ya sa ba na manna haƙarƙari da damina, ko mai aiki zai yi fushi. Wanda aka manna a bushe, in Agusta ta zo ɗan kumbura zai yi ya koma. Wanda aka manna a jiƙe, hunturun farko zai tona masa asiri.

Wani makaɗi ya zo a Yuli yana son sabuwa kafin bikin ƙanwarsa. Na ce masa: «Ɗan'uwa, ka ari tawa ka yi bikin, taka sai Disamba.»