Filtar da na canja saboda gwiwata, da bawul ɗin da na ƙona a hanyar Abuja

Wata biyu kenan da mashin ɗina ya fito daga gareji amma har yau in na tuna maganar jet ɗin nan, wato ɗan ƙarfe mai huji da ke auna man da kabureta ke ba injin, sai raina ya sosu, domin an faɗa min, da kunnena na ji, ni ne na ce a bari.

Mashin ɗin Harley-Davidson Sportster 883 ne na 2005, ɗan Beljiyam, mai kabureta, don sai daga 2007 suka koma injekta. Duk wanda ya taɓa hawan irinsa ya san gidan filtar iskar nan na ɓangaren dama, ƙaton murfi mai siffar ƙwai da ya turo waje daidai inda gwiwa take son kwanciya a jikin tanki. Ga mai matsakaicin tsawo ba wata matsala ba ce, to ni dogo ne, kuma gwiwar daman ce na taɓa gurɗewa a filin ƙwallo tun ina sakandare. Daga Rikkos zuwa Bukuru kawai in na je na dawo sai in ji ƙuguna yana ja, saboda ƙafar hagu ta manne da tanki ita kuma ta dama a buɗe take tafiya, birkin baya ma a karkace nake taka shi. Shi ya sa na yi odar ƙaramar filta mai zagaye wadda ta lafe a jikin injin. Ba don ƙarin gudu ba wallahi, gwiwata kawai nake nema wa wuri.

Ɗaurawar ba ta ba mu wahala ba, a garejin wani dattijo muka yi ta wajen Farin Gada, shi ne mai duba min mashin tun da na saye shi. Abu biyu dai zan ambata. Notikan mashin ɗin na inci ne, in ka matsa musu da sifanar milimita za ka cinye kansu. Sannan farantin bayan filtar ba ado ba ne, shi ke riƙe da kabureta, kuma ƙusoshi biyun da suka ɗaure shi da kan injin masu rami ne, ta nan injin yake fitar da numfashinsa. Duk filtar da za ka saya ka tabbata ta zo da ƙarfen da zai tallafi kabureta, in ba haka ba a jikin roba kaɗai za ta dinga lilo har iska ta fara shiga ta gefe. Wannan duk mun yi shi daidai.

Muna gamawa Baba ya goge hannu ya ce, "Alhaji, wannan filtar a buɗe take fa, ga salansarka ma wanda ya riga ka ya riga ya buɗe ta. Iska za ta fi ƙarfin mai. Mu sauke kwanon kabureta mu ƙara jet."

Na ce, "Baba bari in ɗan zaga tukuna mu ji."

Na bi Bauchi Road na dawo, na miƙa har Mararrabar Jama'a na juyo. Kai, ranar ji na yi kamar sabon mashin aka ba ni. Gwiwa ta kwanta lub a jikin tanki, ƙafata ta zauna sosai a kan birki, injin yana amsa totur ba tari ba gardama. Na dawo na ce masa Baba ai lafiya lau, a bar shi haka. Gaskiyar magana kuma an duba Dilimi, inda ake sayar da kayan gyara a Jos, ba a samu jet ɗin ba, sai an aiko daga Legas, ni kuma ranar Asabar ina da ɗaurin auren abokina a Abuja kuma na ci burin zuwa a kan mashin. Bai ja da ni ba, cewa kawai ya yi, "To Allah ya tsare hanya, amma ka dinga sauraron injin."

Abin da ban lissafa ba shi ne garin da nake gwajin. Jos tana saman tsauni, sama da mita 1,200 daga doron teku, Abuja kuwa ba ta kai rabin haka ba. Iskar sama ba ta da nauyi kamar ta ƙasa, wato a Jos injin yana zuƙar iska kaɗan a kan man da jet yake ba shi, sai ƙarancin man ya ɓuya, ga kuma sanyin garinmu yana taimaka wa injin da ba shi da ruwa sai iska ke sanyaya shi. Dama irin waɗannan mashinan da mai ƙwarya-ƙwarya suke fitowa saboda dokar hayaƙi ta Amurka. Ka haɗa da buɗaɗɗiyar salansa, ka haɗa da buɗaɗɗiyar filta, sannan ka sauko da shi ƙasa cikin zafin watan Maris. Duk zagayen da na yi ranar nan a kan tudu na yi shi, ban gwada komai ba.

A gangaren Hawan Kibo ya fara yi min magana. Da na saki totur sai salansa ta dinga tas tas tas kamar ana fasa ƙwaƙwa, na ce ai gangara ce. Bayan na wuce Forest sai zafi ya fara dukan cinyata ta dama fiye da yadda na saba, in na murɗa zan wuce tirela sai ya ɗan shaƙe, ya yi atishawa ta filtar kafin ya ɗauka. Can kuma na fara jin wata ƙara siririya daga kan injin kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Nan ne wurin da ya fi ci min rai in na tuna, domin na miƙa hannu na ɗan ja cok kaɗan, mai ƙara wa injin mai, ina cikin tafiya, nan take injin ya sake, ƙarar ta ragu. Injin da ya yi zafi ya ji daɗin cok, ai ba sai an kira bakanike ba, mai ne bai ishe shi ba. Na sani sarai. Na duba agogo na ga ƙarfe goma ta wuce, ɗaurin aure bayan azahar, na mayar da cok na ci gaba da murɗawa.

A Akwanga na sha mai ban ko bari ya huce ba. Ban kai Keffi ba, wajen Garaku, ƙarfinsa ya zube gaba ɗaya, ya koma tafiya da silinda ɗaya yana girgiza. Na gangara gefen titi na kashe, injin sai ƙas ƙas yake yi don zafi, bututun salansa daga wuyansa ya rine ya koma shuɗi. A bayan akori-kura muka dawo Jos ni da shi da daddare, auren da ban halarta ba kenan.

Da Baba ya kwance fulogin baya ya miƙo min, fari fat kamar alli, bakinsa har ya fara narkewa. Da aka ɗaga kan silindar sai ga bawul ɗin hayaƙi gefensa ya cinye, wani ɗan gibi kamar an gatsa. Na baya ne ya fara mutuwa saboda silindar gaba tana tare masa iska. Allah ya taimake ni fistin bai huje ba. Bai ce min ai na faɗa maka ba, ko sau ɗaya, kuma wannan shirun ya fi min ciwo. Sati biyar mashin yana ajiye ana jiran bawul da gasket, kuɗin da na kashe da na motar da ta ɗauko mu ya ninka kuɗin filtar sau da yawa, a kan jet ɗin da bai fi ƙwayar wake ba.

Yanzu an cire ƙaramin jet mai lamba 42 an sa 45, an ƙara babban shi ma, an huda ɗan murfin da ya rufe sukurun daidaita mai aka saita shi. A cikin Jos ya ɗan fi shan mai, na yarda da hakan dari bisa ɗari. In kana zaune a Jos ka taɓa filta ko salansa, don Allah kada zagayen cikin gari ya ruɗe ka, ka sauka Hawan Kibo ka yi tafiya mai ɗan nisa a ƙasa, ka tsaya ka kwance fulogi ka duba launinsa. In kuma naka mai injekta ne ba jet za ka nema ba, sai an saita masa mai ta kwamfuta. Kafin ma ka sayi filtar ka zauna a kan mashin ka auna inda gwiwarka take sauka, wani matsar da matakin ƙafa gaba kawai zai ishe shi ba sai ya taɓa numfashin injin ba.

Ita filtar tana da nata hidimar. Ƙura tana cika ta da wuri, sai na wanke na shafa mata manta akai akai, na kuma sayi rigar ruwanta tun yanzu saboda na san ruwan Agusta a garin nan. Wani lokacin in na yi doguwar tafiya ina ganin ɗigon baƙin mai a ƙafar wandona daga numfashin injin. Amma gwiwata ta huta, ƙugun ma ya daina ja.

Makon jiya na sake bin hanyar. A Akwanga na faka ƙarƙashin bishiya na jira ya huce, na kwance fulogin baya da hannuna yana ɗan rawa, sai na gan shi ruwan ƙasa kamar shayi da madara. Na ɗauki hotonsa na tura wa yaron Baba na ce ya nuna masa, sannan na mayar na wuce Keffi.